Likitan Da Aikinsa Ke Farawa Bayan An Ceci Rai

Duk wanda ya taɓa jinyar wani nasa a babban asibiti ya san ranar sallama. Rana ce ta murna: a naɗe tabarmi, a tattara kwanuka da butoci, a yi wa malaman jinya godiya, a sa majinyaci a mota a kama hanyar gida. Amma akwai majinyatan da ranar sallamarsu ita ce mafarin wahalarsu.

A ɗauki misalin direban babbar mota da ya yi haɗari a hanyar Ikko zuwa Badun, ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta taɓu. Likitan fiɗa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya daidaita ƙashi, ya ɗinke rauni, Allah ya sa da sauran kwana. Sai dai daga ƙugu zuwa ƙasa mutumin ba ya motsi, ba ya jin taɓi, ba ya kuma sanin fitowar fitsari ko bayan gida. Aka kai shi gida aka shimfiɗe a ɗaki. Kafin 'yan makonni sai fatar ɗuwawu da ta dugadugai ta soma ruɓewa saboda kwanciya wuri guda, mafitsara ta kamu da ƙwayoyin cuta, ƙafafu su ƙage a lanƙwashe. Sau da yawa irin wannan bawan Allah ba haɗarin ne ke yin ajalinsa ba. Gyambon kwanciya da ciwon ƙoda ne ke ƙarasa shi, watanni bayan dangi sun gama barka da arziki.

Akwai wani fanni na likitanci wanda aka kafa musamman domin irin wannan majinyaci. Ana iya kiran mai riƙe da shi likitan farfaɗo da jiki, watau likitan da ya ƙware wajen mai da wanda cuta ko rauni suka naƙasa zuwa ga harkokinsa na yau da kullum, gwargwadon abin da jikinsa zai iya. A Amurka sunansa fiziyatris. Sauran likitoci yawanci kowa yana da sashen jikin da ya tsare, wani zuciya, wani ido, wani ƙashi. Shi kuwa wannan abin da ya tsare shi ne amfanin jikin gaba ɗaya: ko mutum zai iya tashi daga gado, ya kewaya, ya kai loma baki, ya yi magana a gane, ya koma bakin sana'arsa.

ASALIN FANNIN

Yaƙi da annoba ne suka haifi wannan fanni. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin kashi 80 cikin 100 na sojojin Amurka da suka sami rauni a laka sun mutu a cikin 'yan makonnin farko. Likitocin wancan zamani sun ɗauki irin wannan rauni tamkar hukuncin kisa, abin da ya rage kawai shi ne a lallaɓa majinyaci har ya cika.

Mutum na farko da ake ambata a tarihin fannin shi ne Dokta Frank Krusen, Ba'amurke. Yana matashin likita tarin fuka ya kama shi, aka kwantar da shi na tsawon lokaci a asibitin masu tarin. A nan ya ga da idonsa yadda doguwar kwanciya ke cinye ƙarfin mutum, ta kuma kashe masa zuciya. Da ya warke sai ya juya ga yin magani da motsa jiki, da zafi, da ruwa, da haske, da lantarki. Ya buɗe sashen wannan aiki a Jami'ar Temple da ke birnin Filadelfiya a 1929, sa'an nan ya koma asibitin Mayo a 1935, inda ya fara horar da likitoci a fannin a 1936. Shi ne kuma ya ƙago sunan nan fiziyatris a 1938.

Na biyu shi ne Dokta Howard Rusk, wanda ya shiga aikin likita a rundunar sojan sama ta Amurka a 1942. Ya lura cewa sojojin da ke murmurewa suna zaman kashe wando a asibiti, da an mai da su bakin aiki kuma sai su sake kwantawa. Don haka ya tsara musu motsa jiki da darussa tun suna kan gado. Rusk ya riƙa koyar da cewa aikin likita hawa uku ne: rigakafi, da magani, da kuma mai da majinyaci cikin jama'a. Bayan yaƙi ya kafa cibiyar wannan aiki a Jami'ar New York a 1948. Shekara guda kafin haka, watau a 1947, aka kafa hukumar da ke jarraba likitocin fannin a Amurka, abin da ya ba shi matsayi daidai da sauran fannonin ƙwarewa.

Amma darasin da ya fi dacewa da direban nan daga Ingila ya fito. Dokta Ludwig Guttmann Bayahude ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda ya gudo daga Jamus a 1939 saboda zaluncin Hitila. A watan Fabrairu na 1944 gwamnatin Ingila ta ba shi shugabancin sabon sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Abin mamaki, ba wani sabon magani ya zo da shi ba. Doka ya kafa cewa a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a riƙa zubar da fitsarinsa ta hanya mai tsabta, a motsa gaɓoɓinsa, da zarar ya sami dama kuma a zaunar da shi a ba shi aikin yi. Da wannan naci mutanen da aka fid da rai da su suka rayu. Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a London, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya tsakanin mutum 16 masu keken guragu. Wannan ƙaramar gasa ce ta girma ta zama wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda aka fara a birnin Rum a 1960. Nijeriya ta fara shiga a Basalona a 1992 ta dawo da zinariya uku, a birnin Riyo kuwa a 2016 ta ci takwas.

AIKINSA A ASIBITI

Jama'a da yawa sukan haɗa wannan likita da ma'aikacin sashen gashi, watau mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Aikinsu yana tafiya tare, amma kowa da gurbinsa. Mai gashi ƙwararre ne da ya yi karatun jami'a na shekara biyar ko fiye a kan motsin jiki, shi ne kuma ke tare da majinyaci kullum yana koya masa zama da tsayuwa da taku. Likitan farfaɗo da jiki kuwa cikakken likita ne: yana bincike ya gano cuta, ya rubuta magani, ya yi allura, ya kwantar da majinyaci a ƙarƙashin kulawarsa. Abin da ba ya yi shi ne fiɗa. Haka nan ya bambanta da mai ɗori, wanda iyakar hannunsa haɗa ƙashin da ya karye. Karayar ƙashin baya kuwa ba ta ɗori ba ce, domin ja da murza a wannan wuri suna iya tsinke abin da ya rage na laka.

Dalilin da ya sa ake bukatar likita a wannan mataki shi ne, jikin da ya naƙasa yana da cututtukansa na musamman, waɗanda wanda bai karance su ba zai iya wuce su bai gani ba. Ga misali, wanda lakarsa ta taɓu daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, idan robar fitsarinsa ta toshe mafitsara ta cika, shi ba zai ji ba. Abin da za a gani shi ne matsanancin ciwon kai, da gumi a fuska, jininsa ya hau farat ɗaya har ya kai ga haɗarin fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Wanda bai sani ba zai nemi maganin ciwon kai. Wanda ya sani zai zaunar da shi, ya sassauta masa tufafi, ya duba robar nan take. Haka kuma ƙafar da ba ta motsi jini yana iya daskarewa a jijiyarta, gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya yi kisa. Hana aukuwar wannan yana cikin aikin likitan.

Sai mai shanyewar ɓarin jiki, cutar da hawan jini ke yawan jawowa. Dangi sukan mai da hankali ga hannu da ƙafa, alhali sau da yawa haɗiya ma ta taɓu. A ɗura wa irin wannan majinyaci kunu yana kwance, kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da ciwon huhu. Ko kuma a kama shanyayyen hannun a ja domin a tashe shi, kafaɗa ta goce, ya zauna da ciwo na watanni. Likitan farfaɗo da jiki yana auna waɗannan abubuwa tun daga farko. Ya kuma san cewa mafi yawan farfaɗowar da jiki ke yi bayan shanyewa tana aukuwa ne a watanni ukun farko, saboda haka duk makon da aka ɓata ana jiran majinyaci ya ƙara ƙarfi kafin a fara motsa shi, hasara ce babba.

Yana da kayan aikinsa. Akwai na'urar da ke auna gudun saƙo a cikin jijiya da kuma amsawar tsoka, wadda da ita yake gane ko raunin hannu daga wuya ya taso, ko daga gwiwar hannu, ko daga tsintsiyar hannu. Idan tsoka ta sandare ta hana miƙe gaɓa, yana ba da magani irin su baclofen, ko ya yi wa tsokar allurar botulinum don ta saki. Shi ne ke tsara irin ƙafar roba da ta dace da wanda aka yanke wa ƙafa, da takalmin ƙarfe na yaron da shan inna ta taɓa, da keken da ya dace da girman mai shi da irin ƙasar da zai bi. Keken da aka raba kyauta a taro ba tare da awo ba yana iya jawo wa mai shi gyambo ko karkacewar baya. Banda waɗannan, yana duba masu ciwon baya da na wuya, da waɗanda wuta ta ƙona, da masu raunin ƙwaƙwalwa, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa, da 'yan wasan da suka ji ciwo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin na ƙungiya ne. A ciki akwai mai gashi, da mai koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum kamar sa riga da wanka da girki, da mai gyaran magana da haɗiya, da maƙerin gaɓoɓin roba, da malaman jinya, da masanin halayyar ɗan Adam, da jami'in jin daɗin jama'a. A asibitocin da tsarin ya kafu, sukan zauna duk mako su duba kowane majinyaci, su sa masa buri mai wa'adi, kamar a ce nan da mako uku ya iya sauka daga gado zuwa keke da kansa. Yawanci likitan ne ke jagorantar zaman. Wani nauyi mai wuya da ke kansa shi ne faɗin gaskiya. Idan laka ta tsinke gaba ɗaya, har yau babu maganin da ke haɗa ta. Iyalin da ba a gaya musu haka cikin hikima ba sukan sayar da gona da shanu suna yawon neman wanda zai tashe shi, alhali kuɗin da sun isa a sayi keke mai kyau, a gyara ƙofa da makewayi, a kama masa sana'a.

KARATUN DA AKE BUKATA

Hanyar tana da tsawo. Sharaɗi na farko a ko'ina shi ne mutum ya zama likita tukuna. A Amurka ɗalibi yakan yi shekara huɗu a jami'a, ya ƙara huɗu a makarantar likitanci, sa'an nan ya yi huɗu na ƙwarewa: ta farko a kan aikin likita gaba ɗaya, ukun da suka rage a kan fannin kansa. Jimla shekara goma sha biyu ke nan bayan sakandare. Daga nan sai jarrabawar hukuma, kashi biyu, ta rubutu da ta baka. Wanda yake son ƙari yana iya yin wata shekara ya keɓanta ga raunin laka, ko raunin ƙwaƙwalwa, ko yara, ko maganin zogi, ko raunin 'yan wasa. A ƙasashen Turai horon ƙwarewar yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar.

A cikin waɗannan shekaru yana koyon aikin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, da ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, da yadda mutum ke taku, da sarrafa mafitsara da hanji idan sun daina biyayya, da ilmin magunguna, da karanta hoton ƙashi da na ƙwaƙwalwa. Akwai kuma abin da takardar shaida ba ta nunawa, watau haƙuri. Likitan fiɗa yana ganin sakamakon aikinsa cikin 'yan kwanaki. Wannan kuwa yana iya shafe wata biyu yana bin majinyaci kafin ya ga yatsa ya motsa, ko ya ji kalma guda ta fito daidai.

Ga ɗan Nijeriya, matakin farko shi ne shekara shida na karatun likita a jami'a, da shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista a hukumar likitoci ta ƙasa, sa'an nan bautar ƙasa. Bayan haka ne zai nemi horon ƙwarewa.

HALIN DA AKE CIKI

A nan ne gizo ke saƙar. A 2009 wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Dokta Andrew Haig na Jami'ar Michigan suka buga sakamakon binciken da suka yi, inda suka ce likitocin wannan fanni shida kacal suka iya samowa a duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Ƙasashen arewacin nahiyar, irin su Masar da Tunisiya da Aljeriya, sun daɗe da fannin. Daga baya an soma shirin horarwa a Kumasi ta ƙasar Gana da kuma Adis Ababa ta Habasha. A Nijeriya masu wannan ƙwarewa 'yan ƙalilan ne, aikin nasu kuma ya rarrabu tsakanin likitocin ƙashi, da na ƙwaƙwalwa, da ma'aikatan gashi, kowa yana riƙe da gefensa.

Ba wai ƙasar ba ta da tushe ba ne. Asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko ya samo asali ne daga sansanin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, a nan kuma aka fara aikin gashi irin na zamani a 1945. An buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, na Inugu kuma ya biyo baya, bayan yaƙin basasa ya bar dubban mutane da raunuka. Jami'ar Badun ta fara ba da digiri a aikin gashi a 1966, sa'an nan a 1988 aka yi dokar kafa hukumar da ke yi wa masu gashi da takwarorinsu rajista. Watau dai sauran 'yan ƙungiyar suna nan suna aiki. Kujerar likitan ce ta daɗe babu kowa a kai.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da ita ta nuna cewa a 2019 mutum biliyan 2.4 a duniya, watau ɗaya cikin uku, suna da larurar da aikin farfaɗo da jiki zai amfane su. A watan Mayu na 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su sa wannan aiki cikin tsarin lafiyarsu. A gida kuma, an tabbatar ranar 25 ga Agusta, 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga na ƙarshe da ta kama a Jihar Barno a 2016. Abin farin ciki ne, sai dai waɗanda ta riga ta shanye suna nan, musamman a Arewa. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, shekara 15 zuwa 40 bayan kamuwa, wasu sukan ji sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi, domin ragowar jijiyoyin da suka ɗauki nauyin aikin sun soma gazawa. Idan aka matsa wa irin wannan mutum da motsa jiki mai tsanani ana iya ƙara masa rauni. Abin da yake bukata shi ne likitan da zai gane larurar, ya daidaita masa aiki da hutu, ya sake masa takalmi ko sanda.

Kafin a sami isassun likitocin, iyalin da za a sallami majinyacinsu mai shanyewa suna da haƙƙin yin tambaya tun ba su naɗe tabarma ba: sau nawa za a juya shi, wane sashen fata za a riƙa dubawa safe da yamma, yaushe za a canza robar fitsari, wane irin abinci zai iya haɗiyewa, wace rana za a kai shi sashen gashi, wane likita kuma zai ci gaba da ganinsa. Direban nan da aka yi misali da shi, idan ya tsira daga gyambo da ciwon ƙoda, hannuwansa biyu da hankalinsa da sanin hanyarsa duk suna nan. Yana iya riƙe littafin lodi a tasha, ko ya tuƙa motar da aka mai da birkinta da toturta hannu.

Sai dai ko ya sami keken, da sauran aiki a waje. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su yi hanyar da keke zai iya bi. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024, amma har yanzu a ƙofar ofisoshi da bankuna da makarantu da dama, mai keke sai ya jira wanda zai ɗaga shi ya haye matakala.